Yaron da Jikinsa Ya Saki: Gaskiya da Ƙarya Game da Ciwon SMA

SMA ciwo ne na gado da ke kashe jijiyoyin cikin lakar baya waɗanda ke bai wa tsoka umarnin motsi. Idan umarnin ya yanke, sai tsoka ta raunana ta motse. A ƙasashen da ake ƙidaya, kusan jariri ɗaya cikin 10,000 ake haifa da shi. A Ingila da Amurka iyaye da masu tallafa wa ƙungiyoyi irin su SMA UK da Cure SMA sukan yi doguwar tafiya a kan keke domin tara kuɗi da sanar da jama'a, kuma an keɓe watan Agusta don wayar da kai a kansa. A Haɗeja da ƙauyukan fadama sunan ciwon baƙo ne, amma an san yaron da wuyansa ya ƙi tsayawa, wanda in aka ɗaga shi sai ya zube, kuma kowa da abin da yake faɗa a kansa.

Magana ta farko ita ce shan-inna ne. Kamannin gaskiya ne, domin duka biyun jijiyoyi iri ɗaya suke taɓawa, amma ciwon daban. Shan-inna ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki daga gurɓataccen ruwa ko abinci, takan zo farat ɗaya bayan zazzaɓi, galibi ta fi cin ƙafa ɗaya. SMA ba a ɗaukarsa daga kowa, sannu a hankali yake bayyana, kuma dama da hagu tare suke rauni. Mai tsananin yakan fito kafin wata shida: yaro ba ya zama, kukansa ba ƙarfi, harshensa na rawa, da ciki yake numfashi. Wani nau'in yakan fito tsakanin wata shida da wata 18, yaron ya zauna amma bai taka ba. Wani kuma sai bayan yaro ya fara tafiya. Duk da haka ba a yanke hukunci a gida. An ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan-inna ranar 25 ga Agusta 2020, amma akwai nau'in da ke tasowa daga raunanniyar ƙwayar rigakafin baki, wanda ke sake ƙarfi a inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba, kuma an gan shi a Jigawa a 2018 da 2021. Saboda haka duk yaro ƙasa da shekara 15 da gaɓarsa ta saki kwatsam, a kai shi asibiti a ɗauki bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14.

Akwai masu cewa allurar rigakafi ce ta jawo. SMA kam ba ta jawo shi. Ana yin allurai a mako shida, goma da 14, daidai lokacin da alamun mai tsananin ke fitowa, sai ido ya haɗa abin da ba shi da haɗi. Yaron da ciwon ya zo duniya, kuma ya fi kowa buƙatar rigakafi, domin tarin da wani zai warke daga gare shi cikin mako shi yana iya kai shi kushewa.

Maganar da ta fi cutarwa ita ce ɗan ruwa ne, wato aljanun kogi sun yi musaya. A yankin da rayuwa ta dogara ga kogin Haɗeja wannan magana tana da saurin shiga, kuma sakamakonta hayaƙi da turare a ɗakin yaron da dama numfashi ke ba shi wuya, ko ɓoye shi, ko sakaci da shi. Tun 1891 likita Guido Werdnig ya bayyana ciwon, kuma a 1995 masu bincike a Faransa ƙarƙashin Judith Melki suka gano ƙwayar gadon da ke da matsalar, SMN1. Ciwon ba ya taɓa hankali. Yaron yana gane mahaifiyarsa, yana bin mutane da ido, yana jin zafi, yana jin abin da ake faɗa a kansa. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Ba kuma kowane yaro mai sakin jiki ne ke da SMA ba: tamowa, da raunin ƙwaƙwalwa bayan doguwar naƙuda ko shawara mai tsanani, sun fi shi yawa nesa ba kusa ba.

Dangin miji sukan ce daga wajen uwar ne. Ƙarya ce. Kamar sikila, sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar, su kuma lafiyarsu ƙalau. A kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu, don haka gida ɗaya zai iya samun masu ciwon biyu ko uku, wani gidan kuma ko ɗaya. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar masu ɗauke da ita, wannan gaskiya ne, amma bare da bare ma suna haifa. A Turai kusan mutum ɗaya cikin 50 ke ɗauke da ita. Binciken da aka yi a Mali aka wallafa a 2014 ya samu kusan ɗaya cikin 200. Gwajin jinin kafin aure da aka saba yi sikila yake dubawa, ba ya nuna SMA.

Cewa ba shi da magani ya daina zama gaskiya a Disamba 2016, da Amurka ta amince da Spinraza, allurar da ake yi a ƙashin baya. Zolgensma ya biyo a 2019, sau ɗaya ake yin sa, a kan sama da dala miliyan biyu. Evrysdi na sha ya fito a 2020. Suna tsayar da ciwon, kuma sun fi amfani in an fara kafin alamu su bayyana, amma ba sa dawo da jijiyar da ta mutu. Tsadarsu ta sa sun fi ƙarfin manomin Auyo ko masuncin Guri, kuma wannan abin takaici ne. Tafiyar keken da ake yi a Ingila da Amurka ma ba magani ba ce, hawan keke ba ya warkar da yaro. Amfaninta kuɗin bincike da matsa wa hukumomi su riƙa gwada jarirai tun daga haihuwa.

Abin da ke hannu a nan shi ne a fara da babban asibitin Haɗeja, a nemi takardar turawa zuwa likitan yara a Dutse, Birnin Kudu ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, tunda gwajin ƙwayar gado ne kaɗai ke tabbatar da ciwon. A shayar da yaron kaɗan-kaɗan kansa a ɗage don kada ya ƙware, a riƙa juya shi, a koyi motsa gaɓoɓinsa daga masu gashin ƙashi, a nisanta shi da hayaƙin murhu da ƙurar hunturu. Iyalan Kirikasamma da Guri, inda ambaliya kan yanke hanya a Agusta da Satumba, su kai shi da zarar tari ko saurin numfashi ya fara, ko da a kwale-kwale ne.