Masu Karanta Murjani

Kowa ya san murjani a wuyan amarya. Wanda masu sana'ar karanta murjani suke nema ba jan nan na ado ba ne, ɗan uwansa ne na nesa: wani curi mai kama da dutse da ke zaune a ruwan teku mai ɗumi, wani har ya fi ɗaki girma. Masana na kiran irinsa Porites. Ƙananan halittu ne suke gina shi, suna ƙara kamar santimita ɗaya a shekara, har ya yi ɗaruruwan shekaru bai motsa daga inda yake ba.

Aikin yana farawa da nutso. Mutum ya goya tulun iska, ya sauka da injin haƙa mai dogon bututu, ya kafa shi a tsakiyar curin, yana haƙa igiyar ruwa tana jijjiga shi. Abin da yake fitowa farin sanda ne mai kaurin taɓarya. Wanda ya san aikinsa ba ya barin ramin a buɗe, sai ya toshe shi da siminti don kada tsutsotsin teku su shige, naman murjanin ya rufe wurin a hankali.

A ɗakin bincike ana yanka sandan falle-falle, a ɗauki hotonsa da na'urar da asibiti ke duba karaya. Sai layuka su bayyana, mai duhu da mai haske, kowane biyu shekara guda. A 1972 aka tabbatar da haka, ta hanyar da ba ta da daɗin ji. Amurka ta yi gwajin bama-baman nukiliya a tsibirin Enewetak, gubar ta shiga jikin murjanin wurin, kuma da yake an san shekarun gwajin, wani masani mai suna Knutson da abokan aikinsa suka ƙirga layukan suka ga lissafi ya fita.

Daga nan sai aikin haƙuri. Da wani ɗan bakin haƙa irin na likitan haƙori ake bin fallen, milimita bayan milimita, ana kankare garin da bai kai ƙwayar gero ba. A zuba masa asid, ya fitar da iska, a tura iskar cikin na'urar da ke auna nauyin ƙwayoyin zarra. Sanda ɗaya kan ba da samfuri dubbai, kowane da kwalbarsa da lambarsa. Idan lamba ta rikice, an rikita shekaru.

Abin da ake aunawa oksijin ne. Yana da mai sauƙi, oksijin-16, da mai nauyi, oksijin-18, wanda bai wuce biyu cikin dubu ba. Harold Urey na Jami'ar Chicago ya nuna a 1947 cewa yawan mai nauyin da ke shiga ɓawon halittun teku ya danganta da zafin ruwa: idan ruwa ya ƙara ɗumi, sai ya ragu. Wato murjani yana rubuta zafin teku a jikinsa wata-wata.

Sai dai a ganina gwanin wannan sana'a ba a saurin karatu ake gane shi ba, a rashin saurin yarda ne. Murjani shaida ne mai baki biyu. Ruwan sama ma yana da ƙarancin oksijin mai nauyi, saboda haka shekarar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya tana iya fitowa kamar shekarar zafi. Don raba gardama, tun daga farkon shekarun 1990 ake haɗawa da awon sitironshiyom da kalshiyom, wanda ya fi bin zafi kaɗai. Ga kuma tsohon murjani da ruwa ya daɗe yana ratsawa, wanda sabon ma'adini ya toho a ramukansa. Wannan ƙarya zai yi maka da lambobi masu kyan gani. Dole a duba shi da madubin ƙara girma kafin a ɓata masa asid.

Me ya sa ake wannan wahala? Awon zafin teku da jiragen ruwa bai yi nisa ba, kusan daga 1850 ne, kuma tsakiyar tekun Pasifik ba kowa ke bi ta can ba, sai murjani ya cike wannan giɓin. Mu ma abin ya shafe mu, domin bincike ya danganta farin da ya addabi yankin Sahel a 1973 da 1984 da sauyin zafin tekuna.

Kim Cobb, wata masaniya Ba'amurkiya, ta tsinci matattun curin murjani da guguwa ta watso bakin tsibirin Palmyra, ta gano shekarunsu da awon yuraniyom da toriyom, ta jera waɗanda zamaninsu ya haɗu kamar mai haɗa yagaggun shafukan littafi. A 2003 ta fitar da tarihin El Nino, wato ɗumamar da ke taso wa gabashin Pasifik duk bayan 'yan shekaru, a wasu sassa na shekaru dubu da suka wuce, inda ta ga ya yi tsanani a tsakiyar ƙarni na 17. Ta daɗe kuma tana aiki a tsibirin Kiritimati. Da ta koma can a 2016, bayan El Nino na 2015 zuwa 2016 ya dafa ruwan wurin wata da watanni, ta tarar mafi yawan murjanin tsibirin ya mutu.