Tsakanin mai kaya da wakilinsa a Gaya: wa zai ɗauki asara?

Kasuwancin Gaya ta Nijar tun asali na wakilci ne. Mai dukiya yana zaune a Yamai, ko Maraɗi, ko Kano. A da kayansa kan sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su hau mota zuwa Malanbil ta Binin, su tsallaka gadar kan iyaka, a sauke su a mangazar Gaya, daga nan gwanjo da shinkafa su nufi Kamba ta Nijeriya. A duk tsawon wannan tafiya da wuya ya taɓa buhu ɗaya da hannunsa. Akwai mai fitar da kaya a duwan, akwai dillali, akwai yaron gida mai riƙe da makullin mangaza.

Abin da ya canja shi ne yawan hannuwan. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, ba ta fara buɗe su ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya tsayar da gadar cak, kuma ko da aka ɗage shi a Fabrairun 2024, hukumomin Nijar ba su buɗe nasu ɓangaren ba. Manyan motoci suka koma bin Lome da Burkina Faso, ƙananan kaya kuwa suka koma kwale-kwale. Wakili ɗaya na jiya ya zama huɗu ko biyar: wanda aka ba saƙo ya nemo ɗan dako, ɗan dako ya nemo mai jirgi, mai jirgi ya miƙa wa wani a ɗaya gaɓar. Kowa da la'adarsa, kuma akasarin yarjejeniyar ba ta wuce saƙon murya a WhatsApp ba: "Alhaji, kaya sun taso."

To idan kwale-kwale ya kife, ko duwan ta kama kaya, wa zai biya?

Fiƙihun Malikiyya, wanda mutanen wurin suka fi sani, ya ce wakili amintacce ne. Abin da ya salwanta a hannunsa ba tare da sakaci ko ƙetare umarni ba, asarar mai kaya ce. Sai dai littafin Muhtasar na Halil ya hana wakili ya wakilta wani ba da izini ba, in ba aikin ya fi ƙarfinsa ko bai dace da irinsa ba. Nan rigimar take, domin mai kaya zai ce shi bai san da zancen jirgi ba, wakili ya ce ai duk Gaya an san babu wata hanya sai ruwa.

Dokar zamani ma ba ta yi nisa da wannan ba. Nijar da Binin duk suna cikin ƙungiyar OHADA, kuma dokarta ta kasuwanci, wadda aka sabunta a Lome ranar 15 ga Disamban 2010, ta rarrabe masu shiga tsakani. Wanda ya yi ciniki da sunan ubangidansa a cikin iyakar izini, cinikin ya hau kan ubangidan. Wanda ya yi da sunansa, ko da kuɗin wani ne, shi abokin ciniki zai riƙe. In wakili ya zarce izini, ubangida ba ruwansa, sai fa in ya amince daga baya, ko kuma halinsa ne ya sa mutane suka ɗauka yaron yana da wannan iko. Alhajin da ya bar yaronsa shekara da shekaru yana karɓar kaya bashi da sunansa ba zai wayi gari ya ce bai aike shi ba. Shi kuma mai lasisin fitar da kaya a duwan, kuskuren da ya tafka wajen bayyana kaya yana wuyansa. Nijeriya ba ta cikin OHADA, tana bin tsarin da ta gada daga Ingila, amma a kan waɗannan ginshiƙai bambancin kaɗan ne.

A ganina dokar ba ta gaza ba, hujja ce babu. Kayan da suka bi ta bayan fage ba a kai ƙararsu kotu, don mai ƙara zai fara tona asirin kansa ne. Sai a koma zauren sulhu, inda mai ƙarfi ya fi baki. Sau da yawa ƙaramin wakili, wanda rabonsa bai wuce ƴan jikkunan sefa ba, shi ake ɗora wa asarar miliyoyi, ya rasa aiki ya rasa suna. Wani lokacin kuma wakilin ne ke fakewa da ruwa ya cinye amana.

Saboda haka ƴan kasuwar Gaya da shugabanninsu, kafin kaya su tashi a rubuta, ko da layi uku ne a waya: me aka ba wakili izinin yi, ta wace hanya kayan za su bi, yana iya miƙa wa wani ko a'a, kuma wa zai ɗauki asara in ta zo.