Shanyewar Jiki: Ina Ake Samun Masu Gashin Ƙashi?

Ƴan uwa manoma da makiyaya na Agye, Gazawa da Gidan Rumji, ga wata magana mai amfani.

Sau da yawa magidanci yakan kwanta lafiya lau, da safe a tarar hannu da ƙafa na gefe guda sun mutu, baki ya karkace. Wannan shi ne shanyewar ɓarin jiki. Yawanci hawan jini ke kawo shi. Sai a ajiye mutum cikin ɗaki, ana hayaƙi, ana jiran sauƙi. Bayan ƴan watanni gaɓoɓi su sandare, yatsu su dunƙule, ba ya iya riƙe hauya kuma. Gida ya rasa mai noma.

Alhali akwai ma'aikatan da wannan ne aikinsu. Ana ce da su masu gashin ƙashi, a asibiti kuma ana cewa kine. Babban ma'aikaci shi ke duba majinyaci, ya tsara aikin da za a yi masa. Mataimakinsa shi ke zama da majinyaci. Yana miƙe masa hannu, yana lanƙwasa gwiwa, yana koya masa zama, da tsayuwa, da tafiya da sanda. Aikinsu ba na allura ba ne, ba kuma na maɗori ba ne. Gaɓar da ta manta aiki suke sake koya wa aiki.

Suna kuma taimakon wanda ya karye aka kwance masa ɗori, da wanda wuta ta ƙone fata ta tattare, da yaron da shan inna ta taɓa.

To, ina ake samun su? A fara da likitar da ke kusa, wato CSI. Majo zai auna jini, ya rubuta takarda zuwa asibitin gunduma. In abin ya fi ƙarfinsu, sai su tura babban asibitin Maraɗi, inda sashen kine yake. A riƙe takardar nan da kyau. Mai ciwon kuturta wanda hannu ko ƙafa suka fara mutuwa, akwai asibitin Danja a kudu da Maraɗi, tun 1956 yake wannan aiki. Jaririn da aka haifa da ƙafa a murɗe ciki, gyaransa ya fi sauƙi tun yana ɗanye: ana sa masa filasta, ana sake ta kowane sati. Asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai cikin 2010 yana gyaran irin wannan ƙafa.

Maraɗi da nisa, kuɗin mota da wuya. Saboda haka wanda zai raka majinyaci ya kasance mai zama da shi a gida. Ya zura ido, ya yi tambaya, ya gwada da hannunsa a gaban mataimakin. In sun koma ƙauye, shi zai ci gaba da aikin safe da marece. A riƙa juya majinyaci kowace awa 2 don kada gyambo ya kama bayansa. Kada a fizgi hannun da ya mutu wajen tada shi, kafaɗa tana iya gocewa.

Watanni 3 zuwa 6 na farko su ne lokacin da jiki ya fi karɓar gyara. Kada a ce sai an gama girbi. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.