Kafin Ka Zuba Kuɗin Shinkafarka a Tsohuwar Mota, Leƙa Ƙarƙashinta

Akwai wata magana da na gaji da jin ta a bakin manoman rani da matasan da ke son shiga harkar ɗaukar kaya a Kura, Bunkure da Garun Malam, wai in dai inji na da lafiya, sauran duk kwaskwarima ce. Da wannan maganar ake raba bayin Allah da kuɗinsu kowace kaka. Mutum ya sha ban ruwa, ya sayar da shanshera ko ya dace da farashin tumatir a Kwanar Gafan, sai ya ce bari ya huta da biyan kuɗin mota ya mallaki tasa. Niyyar ba laifi. Sai dillali ya kai shi gaban wata J5 ko Hiace mai ƙyallin sabon fenti, a murɗa makulli ta tashi bugu ɗaya, a taka totur ta yi ruri, a tafa hannu an yi ciniki. Duk cikinsu babu wanda ya durƙusa ya duba ƙasa.

Motocin sanannu ne, ba sai an tsaya dogon bayani ba. Abin da mai saye ya kamata ya riƙe shi ne shekarunsu. Kamfanin Peugeot ya fara ƙera J5 a 1981, kuma zuwa 1994 Boxer ta maye gurbinta. Ke nan duk J5 da za a nuna maka, komai kyanta, ta haura shekara 30 a duniya. A Turai da yawa daga irin waɗannan motoci, da 'yar'uwarta Fiat Ducato da kuma Kombi ta Volkswagen, an mayar da su motocin kwana, aka sa musu gado da murhu da tankin ruwa don yawon hutu. Har yau akwai masu sha'awar tsofaffinsu a can, kuma abin da suke fara dubawa shi ne ƙasan motar, inji sai daga baya. Mu da za mu ɗora mata buhuna muka juya abin.

Dalilinsu mai sauƙi ne. Inji abu ne da ake saukewa a ɗora wani. Ka je Ƙofar Ruwa a Kano, za ka samu inji da giyabos da lagireto, bakanike ya ɗaura maka cikin 'yan kwanaki. Injin fetur na J5 ma dangin na 504 ne, motar da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, shi ya sa tsofaffin makanikai suka san cikinsa da wajensa. Amma ƙarfen da ke riƙe da motar, inda sifirin da shokozoba da akwatin sitiyari suka kama, ba a sauya shi da sifana. In tsatsa ta cinye shi, motar ta mutu ko da injinta na waƙa.

To ina tsatsar ta fito, alhali dillali ya rantse cewa 'yar Beljiyam ce, ba ta taɓa taka ƙasar Najeriya ba? Ai daga can ɗin ta fito. A ƙasashen sanyi ana watsa gishiri a tituna lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin nan yana fantsama ƙarƙashin mota, ya shige cikin ƙarafuna masu rami, ya yi ta ci daga ciki shekara da shekaru. Sannan a can dole ne a kai mota gwajin lafiya a kai a kai, kuma tsatsa a ƙarfen da ke ɗauke da nauyi na cikin abubuwan da ke kayar da mota. In kuɗin walda ya fi darajar motar, sai mai ita ya sayar wa masu fitarwa waje. Ƙari a kan haka, birnin Antwerp, wanda tasharsa ce ta sa muke kiran motocin 'yan Beljiyam, ya fara hana tsofaffin motoci masu hayaƙi shiga cikinsa a 2017, Brussels ta bi sahu a 2018. Ba don soyayya ake turo mana su ba. Akwai masu lafiya a cikinsu, amma sunan Beljiyam kaɗai ba shaidar lafiya ba ne.

In kuwa wadda ta riga ta yi aiki a nan ce, to ta sha nata kason. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 ruwa ke bin kanal zuwa gonakin Kadawa da kewaye, don haka hanyoyinmu na cikin gona ba sa rabuwa da laka ko da rani. Laka ta manne a ƙasan mota ta riƙe danshi. Buhun takin yuriya ya yage a bayan mota, ruwan tumatir mai tsami ya tsiyaye daga kwanduna ya kwanta ƙarƙashin katakon da aka shimfiɗa. Duk waɗannan cin ƙarfe suke yi. Daga nan sai a kai wa mai gyaran jiki ya cike ramuka da fila, a goge, a fesa fenti, a shafe ƙasan da baƙin kwalta. Wallahi wannan ha'inci ne, kuma duk mai sayarwar da ya san aibin kayansa ya ɓoye ya san hukuncinsa a addini ba sai na tuna masa ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne ba asarar kuɗi kaɗai ba ce. Yawancin motocin nan nauyin da aka ƙera su su ɗauka bai kai tan 2 ba, mu kuwa sai mun jera kaya har saman rufi. Ka haɗa lodin da ya wuce kima da ƙarfen da ya rube, ka hau titin Kano zuwa Zariya da gudu. Ranar da mazaunin sifirin ya ɓalle ko bututun birki da ya yi tsatsa ya fashe, lafiyar inji ba za ta ceci direba da yaron mota ba.

Wani lokaci za a ce maka wannan ta musamman ce, motar hutun wani dattijon Bature ce, dubi kilomitarta kaɗan. Ko da gaske ne, motar da ta daɗe a ajiye tana da nata ciwon: robobi sun bushe, birki ya ƙage, ruwa ya daɗe yana yoyo ta tagogi da ƙofar iskar da aka yanka a rufi, ya ruɓar da daɓen ƙarƙashin katako. Agogon kilomita kuma, kowa ya san ana juya shi.

Saboda haka, ɗan'uwa, kada ka yi cinikin biri a sama. Ka je da bakanikenka, wanda kai za ka sallama, ba wanda dillali ya kawo ba, kuma in da hali ka haɗa da mai walda. Ka je da safe, ka ɗora hannu a kan injin kafin a tayar. In ka ji shi da ɗumi, an riga ka, ka ce za ka dawo gobe. A kai motar kan rami, a wanke ƙasanta, ku shiga da tocila da sukundireba kuna tsokanar ƙarfen. Mai lafiya zai yi ƙara, rubabbe zai burme ko ya zubo da ɓarɓashi. Ku fi matsa wa mazaunin sifirin, ƙasan ƙofofi, bayan tayoyi da wurin zaman batir. A ɗaga katako ko ledar da ke bayan motar. Ka riƙe ɗan maganaɗisu ka bi jikinta da shi. Inda ya ƙi kamawa, fila ce a wurin. Duk wanda ya hana ka wannan binciken ya riga ya ba ka amsa.

Sai bayan nan a koma kan inji. Buɗe murfin baƙin mai; in ka ga ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa na haɗuwa da mai. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alamar shan baƙin mai ce. Kada a gwada ta wayam a kan kwalta kawai, a ɗora mata kaya a shiga hanyar gona, a bar ta ta yi zafi a ga ko za ta tafasa. Ka sani J5 da tayoyin gaba take ja, in an danne bayanta da kaya tana saurin santsi a laka, Hiace kuma da na baya. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019.

Takardu ma ba abin wasa ba ne. A watan Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka wadda aka ce ta biyo ta Kwatano ko Maraɗi a bincika takardar kwastan ɗinta da kyau. Lambar shasi da ke jikin ƙarfe ta yi daidai da ta takarda, harafi da harafi, kuma wurin bai nuna alamar goga ko walda ba. Tsadar mai tun bayan cire tallafi a Mayun 2023 da samun amintaccen direba su ma a sa su a lissafi.

Kada ka saya ana tsakiyar kakar tumatir, lokacin da gaggawa ke rufe ido kuma masu sayarwa sun san kana matse. Kada kuma ka ƙarar da kuɗinka kaf a kan farashi da la'ada. Ka ware wani kaso na taya, birki, batir da juyen mai, don tsohuwar mota ba ta rasa buƙata a watan farko. Ranar biya a rubuta yarjejeniya da sunan mai motar na ainihi, da lambar shasi da ta inji, da duk aibin da aka bayyana, shaidu biyu su sa hannu, sannan a tura kuɗin ta banki zuwa asusun wanda sunansa ke kan takardun.