Yadda Manhajar Kwaikwayo Ke Raba Kaya Tsakanin Ƙofofi

Kafin masana'anta ta zuba kuɗi a sabon layin sarrafa kaya, injiniyoyi kan gwada shi cikin kwamfuta da manhaja irin FlexSim, wadda kamfanin Autodesk ya saya a 2023. Kowane inji a ciki yana da ƙofofin fitar da kaya, kuma ana iya gaya masa wadda kaya za su bi.

Inda gizo ke saƙa shi ne kaya masu tafiya rukuni-rukuni. A ce ana son kwali 10 su bi ƙofar farko, 10 na gaba ta biyu. Tsarin bi-da-bi ɗai-ɗai yake rabawa, ya wargaza rukunin. Dabarar ita ce a riƙa ƙirga kwalayen, sai sun cika 10 a sauya ƙofa. Amma fa idan ƙofar ta toshe, kaya za su yi cirko-cirko ko da ɗayar a buɗe take.