Filin Harbi A Jos: Ƙa'idojin Da Mai Lasisin Bindiga Ba Ya Samun Inda Zai Koya

Lokaci zuwa lokaci Runduna ta Uku ta Sojojin Nijeriya, wadda hedkwatarta ke Barikin Maxwell Khobe a Rukuba, takan fitar da sanarwa cewa za ta yi atisayen harbi. Takan roƙi mazauna yankin Bassa kada su firgita da jin ƙarar bindigogi, ta kuma gargaɗi manoma da makiyaya da mafarauta su nisanci filin har a gama. Dalilin gargaɗin a fili yake: harsashin AK-47 yana iya cin tafiyar fiye da kilomita 2, na bindigar G3 kuwa kusan 4. Saboda haka ba inda sojoji ke kwance suna saiti kaɗai ake tsarewa ba, har da dajin da ke bayan abin da ake auna. Duk mai shirin sayen fili ko buɗe ramin kuza a wannan ɓangare na Jos, ya kamata ya fara tambayar inda iyakar haɗarin ta tsaya kafin ya tambayi farashi.

A cikin filin, ƙa'idojin kusan iri ɗaya ne a ko'ina a duniya. Ana ɗaga jar tuta muddin ana harbi. Kowace bindiga ana ɗaukarta a matsayin mai harsashi, ko da mai ita ya rantse babu komai a ciki. Bakinta ba ya kallon ko'ina sai inda ake auna, yatsa kuma ba ya taɓa kunama sai an ba da umarni. Murya ɗaya ake bi, ta jami'in da ke kula da filin, ko da akwai wanda ya fi shi muƙami a layin. Amma umarnin tsayar da harbi, kowa na iya bayarwa idan ya hango haɗari, kuma ba a tambayar dalili sai bindigogi sun yi shiru.

Soja da ɗan sanda suna koyon wannan a bakin aiki. Ɗan kasuwar da ya ajiye bindiga mai baki biyu a gida bisa lasisi, shi fa? Tun bayan rikicin Jos na 2001 da ƙonewar kasuwar Taminus a 2002, tsaron shago da sito ya zama babban abin da masu dukiya ke kashe wa kuɗi, kuma maganar mallakar bindiga takan taso duk lokacin da aka sake tashin hankali. Dokar Makamai ta 1959 ta raba izini gida uku: manyan makamai sai da amincewar Shugaban Ƙasa, bindigar farauta irin mai baki biyu tana hannun Sufeto-Janar na 'Yan Sanda, bindigar toka kuwa Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Dokar ta hana lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka gabata. Sharuɗɗan duk na halin mutum ne da lafiyarsa. Mai lasisi yakan koyi riƙon bindigar ne daga aboki ko mafarauci, wani lokaci ma daga wanda ya sayar masa.

A wasu ƙasashe ƙungiyoyin harbi ne ke cike wannan giɓi. A Ingila, inda aka kafa ƙungiyar maharba ta ƙasa a 1859 kuma ta koma filin Bisley a 1890, sabon shiga yakan yi aƙalla wata 3 na gwaji ƙarƙashin idon tsofaffin mambobi. Ƙungiya tana sanar da 'yan sanda sunan duk mai neman shiga, haka kuma sunan mamban da ya shekara bai zo harbi ba. An ƙara tsaurara doka a 1997 bayan kisan 'yan makaranta a garin Dunblane, aka haramta yawancin ƙananan bindigogi. Afirka ta Kudu kuwa, a dokarta ta 2000, ta wajabta takardar shaidar ƙwarewa kafin lasisi, abin da ya buɗe wa cibiyoyin horo masu zaman kansu kasuwa.

Zumuncin da ke cikin irin waɗannan ƙungiyoyi shi kansa tsaro ne. Ana hira da shan shayi bayan an kulle bindigogi, kuma a wurin hirar ne ake gane mai zafin rai da wanda al'amuran gida suka rikice masa, abin da takardar neman lasisi ba za ta taɓa nunawa ba. Jos ba baƙuwa ba ce ga zaman kulob. Filin wasan golf na Rayfield tun 1913 yake, zamanin Turawan kuza, ga kuma 'yan wasan folo da dawakansu.

Sai dai wanda ke tunanin zuba jari a filin harbi na farar hula a Jihar Filato yana da duwatsu a gabansa. A 2023 Rundunar 'Yan Sanda ta bayyana cewa ta dakatar da ba da sabon lasisin bindiga saboda yawan makamai a hannun jama'a, a 2024 kuma aka sa hannu a dokar da ta ba cibiyar ƙasa mai yaƙi da yaɗuwar ƙananan makamai cikakken iko. Ga kuma tarihin garin: ƙungiyar da mambobinta suka fito daga unguwa ɗaya ko addini ɗaya, a Jos ba za a kira ta ta wasa ba. Kafin a kai ga wannan, akwai kuɗin fili mai nisa da gidaje, da tudun tare harsashi, da ma'ajiyar makamai mai rajista, da kamfanin inshorar da zai yarda ya ɗauki nauyin haɗarin.