Awon cutar jatan lande tun ido bai gan ta ba

Manoma da masunta, ga labarin da ya kamata ku sani. Jatan lande ɗan ƙwaron ruwa ne mai ɓawo, dangin ƙaguwa. A ƙasashen bakin teku irin su Sin, Tailan, Indiya da Ekwado, ana kiwonsa cikin tafkuna kamar kifi.

Babbar annobar wannan kiwo ita ce cutar farin tabo. Birus ke kawo ta, wato ƙwayar cuta wadda ta fi sauran ƙanƙanta. Ta ɓulla a Taiwan a 1992, ta bazu cikin Asiya, ta isa Ekwado a 1999. Cikin kwana 3 zuwa 10 tana iya kashe tafki kakaf, kuma ba ta da magani.

Ku lura, ido yana ruɗin mai kiwo. Ƴaƴan jatan lande suna iya ɗauke da birus alhali suna iyo lafiya lau. Farin tabon kansa, wani lokaci lalacewar ruwa ke kawo shi. Shi ya sa ake awon PCR, irin wanda aka yi wa mutane lokacin korona a 2020. Wani Ba'amurke, Kary Mullis, ya ƙago shi a 1983.

Ga yadda ake yi. Kafin a zuba iri cikin tafki, a ɗebi kamar guda 150 a kai ɗakin awo. A niƙa su, a tace sinadarin gado da ke jikinsu. Kowane birus yana da nasa, kamar zanen yatsa. Sai a haɗa da magungunan da ba su kama na kowa sai na farin tabo, a sa cikin na'ura. Na'urar tana ɗumama haɗin har digiri 95, ta huce, ta sake, sau 30 zuwa 40. Kowane zagaye, sinadarin birus yana ninkuwa biyu. Ku lissafa da ƙwayar gero ɗaya: in an ninka ta sau 30, ta haura miliyar ɗaya. Ta haka abin da ya ɓuya yake fitowa fili cikin ƴan awoyi.

In an ga birus, ba a zuba wannan iri, a nemi wani. Asarar iri ta fi asarar tafki sauƙi.

Ku masu sayen ƴaƴan kifi, ku riƙe wannan: ku tambayi asalin iri, kuma ku ware sabo ƴan kwanaki kafin ku haɗa shi da na gida. Rigakafi ya fi magani.